Madatsun Ruwa Da Makomar Kifin Kasuwanninmu: Tun Ran Gini, Tun Ran Zane

Kusan kowace shekara idan watan Agusta ya kama, jama'ar gundumomin Bawku ta Yamma da Binduri da Talensi, da sauran masu noma a gaɓar kogin Farin Volta, sukan kasa kunne su ji sanarwa guda ɗaya, wato ranar da kamfanin lantarki na ƙasar Burkina Faso, SONABEL, zai buɗe ƙofofin madatsar ruwa ta Bagre. Da zarar an ji, sai hukumar ba da agajin gaggawa ta NADMO ta shiga gargaɗin manoma da makiyaya su kwashe abin da za su iya kwashewa su haura tudu. Daga nan kuma sai a sake tayar da maganar madatsar Pwalugu, wadda aka daɗe ana yi wa mutanen Arewa alkawarin ita ce za ta tare wannan ruwa, ta ba da lantarki, ta kuma shayar da gonakin rani.

A duk wannan muhawara ana maganar masara da shinkafa da shanu da gidaje, kuma hakan daidai ne, domin wanda ruwa ya ci gonarsa shi ya san zafin abin. To sai dai akwai wata halitta da ke cikin ruwan nan wadda ba kasafai ake ambatonta ba, alhali kuwa dubban mutane a Salaga da Yendi da Bawku da ita suke ci, da ita suke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. Wannan halitta ita ce kifi. Mai sayen kwandon banda a Makango ko Yeji ya kai Tamale, da hajiyar da ke kasa shi a kasuwar Yendi, da mai loda shi zuwa Bawku da Pusiga da Sinkase, duk jarinsu yana rataye ne da abin da madatsun ruwa ke yi wa kifi. Saboda haka ya dace mu duba wannan al'amari da idon basira, mu kuma duba maganin da masana ke ta ambato, wato gina wa kifi hanyar wucewa a jikin madatsa, mu ga ko zai yi mana amfani, da kuma inda ba zai yi ba.

Kifi ma matafiyi ne

Abin da ya kamata mai karatu ya fara sani shi ne, yawancin kifin kogi fatake ne kamar kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro. Ba a wurin da yake kiwo yake haihuwa ba. Idan damina ta kankama, ruwa ya fara ja yana ƙaruwa, sai kifaye masu ƙwai a ciki su taso daga tafkin Volta da manyan gurbabu su nufi sama, suna bin Farin Volta da Baƙin Volta da Oti da Daka. A cikinsu akwai kawara da faliya da cihaki da dummi da tsage da kurungu. Idan kogi ya tumbatsa ya malala fadama, sai wasu su zuba ƙwai a bakin ruwa, wasu kuma irin su tarwaɗa da bargi da yauni su kutsa cikin ciyawar da ruwa ya rufe, inda bargi da yauni ke yin sheƙa kamar tsuntsaye.

A cikin wannan ciyawa ce 'ya'yan kifi ke samun abinci da mafaka daga manyan da ke cin su. Idan ruwa ya fara janyewa a watannin Oktoba da Nuwamba, sai su biyo shi su koma kogi, daga nan su gangara tafki. Wannan ne ya sa masunta tun na da suka san cewa shekarar da ruwa ya cika fadama sosai ya kuma daɗe, kamun da ke biye da ita yakan yi albarka, kuma binciken masana a kogunan Afirka irin su Kwara ya tabbatar da haka. Ke nan kifi yana bukatar abu biyu: hanya a buɗe zuwa sama, da kuma ambaliya a kan lokacinta. Madatsar ruwa kuwa aikinta ke nan ta tare hanya, ta kuma riƙe ambaliya.

Wannan matsala ba ta tsaya a kanmu kaɗai ba. A ƙarshen shekarar 2023 ƙungiyar IUCN, mai lissafa halittun da ke fuskantar ƙarewa a duniya, ta bayyana cewa kashi 25 cikin 100 na ire-iren kifin koguna da tafkuna suna cikin haɗarin ɓacewa. A shekarar 2024 kuma wani rahoto na haɗin gwiwar ƙungiyoyin kare muhalli ya nuna cewa yawan kifaye matafiya da aka bi diddiginsu ya ragu da kimanin kashi 81 cikin 100 tsakanin 1970 da 2020, kuma madatsun ruwa na kan gaba cikin dalilan da aka lissafa.

Darasin Akosombo

Ba sai mun je nesa neman misali ba. An kammala madatsar Akosombo a shekarar 1965 a zamanin Kwame Nkrumah, ta haifar da tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane kusan 80,000 daga garuruwansu, har da tsohon garin Kete Karachi inda Alhaji Umaru ya zauna ya karantar. A 1982 aka ƙara ta Kpong a ƙasa da ita. Babu wadda aka yi wa hanyar wucewar kifi a cikinsu.

Gaskiya ɗaya ce, daga farko tafkin ya zo da alheri mai yawa. Itatuwa da ciyayin da ruwa ya shanye sun zama abinci, kifi ya yi ta hayayyafa, har kamun shekarar 1969 ya kai kimanin tan 60,000, kafin daga bisani ya sauko zuwa wajen tan 40,000 a shekarun da suka biyo baya. Da wannan ne Yeji ta zama babbar kasuwar kifi, Makango da Buipe da Dambai suka samu shiga. Har gobe mafi yawan kifin da ake kamawa a cikin ƙasa, ban da na teku, daga wannan tafki yake fitowa. Duk mai adalci dole ya faɗi wannan.

To amma masanan da suka bi diddigin tafkin tun farkon cikarsa sun lura da wani abu. Karfasa, wadda ba ta bukatar tafiya kafin ta haihu, ita ce ta yi yawa a kudancin tafkin. Kifayen da suka saba da ruwa mai gudu kuwa, irin su miligi da danginsa masu dogon baki, da dummi da kawara, sai suka yi ƙaranci a can, suka tattaru a rassan tafkin na Arewa, inda koguna ke shigowa, inda kuma suke da damar haurawa su haihu. A taƙaice, kogunan da suka ratsa ƙasashen Gwanja da Dagomba da Mamprusi da Kusasi su ne ɗakin haihuwar da ya rage wa waɗannan kifaye. Wannan magana ce da ya kamata kowane ɗan kasuwar kifi a Arewa ya riƙe.

A ƙasa da madatsar kuwa, labarin ya fi muni. Ambaliyar da ke cika fadamun ƙasar Tongu kowace shekara ta ɗauke. Sana'ar tsintar ƙumbar ruwa da ake kira adode, wadda matan yankin Battor da Sogakope suka dogara da ita, ta durƙushe ta koma ɗan wuri kusa da bakin teku a Ada. Maza da yawa suka kwashi komarsu suka hauro tafki, shi ya sa har yau za ka tarar da masunta 'yan Battor a gaɓar Oti da Daka da Farin Volta. Bugu da ƙari, cutar tsargiya mai sa fitsarin jini ta yaɗu ƙwarai a garuruwan bakin tafki. An ga irin haka a ƙasar Senegal bayan gina madatsar Diama a 1986, inda tsargiya ta ɓarke a garin Richard-Toll. Daga baya masana suka gano cewa madatsar ta tare hanyar wani jatan lande na kogi wanda ke haihuwa a ruwan gishiri sannan ya hauro sama, kuma shi ne ke cinye katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Ashe toshe hanyar halittun ruwa yakan kai har gadon asibiti.

'Yan'uwanmu na Nijeriya ma sun ɗanɗana. Bayan kammala madatsar Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, binciken da aka yi a ƙauyukan da ke ƙasa da ita ya nuna cewa fadamar da ruwa ke rufewa ta ragu, kamun kifi ya faɗi, masunta da dama suka bar gida. Haka kuma madatsun Tiga da Challawa a jihar Kano suka rage ruwan da ke isa fadamun Haɗeja da Nguru. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Mece ce hanyar wucewar kifi?

Hanyar wucewar kifi, wadda wasu ke kira tsanin kifi, wata magudana ce da ake ginawa a gefen madatsa, daga ruwan ƙasa zuwa na sama. A maimakon ruwa ya faɗo daga bisa gaba ɗaya, sai a raba tsayin zuwa ƙananan kwatamai a jere, kowane ya ɗara na ƙasansa da ɗan kaɗan. Tsakanin kwatami da kwatami akwai tsaga a bango inda ruwa ke bi, kifi ya yunƙura ya shige, ya huta, ya sake yunƙurawa, har ya fita a sama. A wasu wurare ana haƙa ƙaramin rafi ne mai duwatsu ya kewaye madatsar kamar rafin Allah, a wasu kuma a jera duwatsu a gangare a bakin ƙaramar madatsa. Inda bango ya yi tsawo sosai, akan yi na'ura mai ɗaga kifi a cikin tanki, ko a kama shi a zuba a mota a kai shi sama.

Abu uku ne ke sa hanyar ta yi aiki. Na farko, dole bakinta ya kasance daidai inda kifi ke taruwa a gindin madatsa, kuma ruwan da ke fita daga cikinta ya yi ƙarfin da kifi zai ji shi, domin kifi gudun ruwa yake bi, ba ya karanta allo. Na biyu, kada gudun ruwan ciki ya fi ƙarfin kifin da ake so ya wuce. Na uku, a samu mai kula da ita, ya share yashi da itace, ya kuma hana mutane kafa koma a bakinta. Idan ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓaci, an yi asarar siminti ke nan.

Inda ta yi aiki da inda ta gaza

Turawa sun ƙware a wannan gini ne saboda kifin salmon, na ainihi, ba wanda ake sayar mana a kwali daga ɗakunan sanyi na Tema da wannan suna ba. Shi wannan kifi ƙaƙƙarfa ne mai tsalle, kuma tsanin da aka yi masa a madatsar Bonneville ta ƙasar Amurka tun 1938 yana wucewa da shi. Kuskuren da aka yi ta yi a ƙasashe masu zafi shi ne kwaikwayon wannan tsari ido rufe. A ƙasar Ostareliya an gina irinsa da yawa, sai aka tarar kifayen ƙasar ba sa iya hawa. Sai da suka zauna suka auna ƙarfin kifinsu, suka sake tsari mai sauƙin gangare, inda a wasu wurare sai an yi tafiyar kimanin mita 30 kafin a hau mita ɗaya. Da wannan ne daga shekarar 2001 suka shiga buɗe wa kifi hanya a kogin Murray na tsawon fiye da kilomita 2,000. A ƙasar Laos ma, a wani wuri da ake kira Pak Peung, an yi wa wata ƙaramar madatsar noman shinkafa irin wannan hanya tare da shawarar mutanen ƙauye, aka ga fiye da iri 100 na kifi suna bi daga kogin Mekong zuwa fadama.

A nan Afirka ta Yamma, tsohon misalin da muke da shi yana Markala, kusa da Segu a ƙasar Mali, inda Faransawa suka kammala madatsa a kan kogin Kwara a 1947 domin gonakin Office du Niger. Sun yi mata hanyar kifi, kuma masanin kifi Jacques Daget ya yi nazarinta tun 1950. Abin da aka gano shi ne hanyar ta yi ƙanƙanta ainun idan aka kwatanta da ɗimbin kifin da ke tasowa lokaci guda. Kifin kogunanmu ba ɗaya-ɗaya yake zuwa ba, ayari yake yi, iri daban-daban, manya da ƙanana, masu bin sama da masu bin ƙasa. Ƙofar da aka yi domin mutum ɗaya ba za ta ɗauki jama'ar da ta taso daga idi ba.

Darasi mafi ɗaci kuwa daga ƙasar Brazil ya zo. A can sun gina hanyoyi masu tsada, har da ta madatsar Itaipu da aka buɗe a 2002 mai tsawon kimanin kilomita 10. Amma a 2008 wasu masanan ƙasar biyu, Pelicice da Agostinho, suka nuna cewa a wasu madatsun hanyar takan zama tarko. Kifi ya hau, ya tarar babu fadamar haihuwa a sama sai tafki mai zurfi. Idan ma ya haihu, ƙwai da 'ya'yan da ya kamata ruwa ya gangaro da su sai su nutse a ruwan da ba ya motsi, ko wasu kifaye su cinye su. Manyan kuma ba sa gane hanyar komawa, wasu su faɗa injin lantarki ya daddatsa su. An kwashe iri daga ƙasa ke nan an kai inda ba zai dawo ba. A wasu wurare ma an kai ga yanke hukuncin cewa rushe madatsar ya fi, kamar yadda aka kammala rushe guda huɗu a kogin Klamath na Amurka a 2024, kifi kuma ya koma wuraren da ya yi shekaru aru-aru bai taka ba.

Ina muka dosa a Arewa?

Idan muka auna waɗannan darussa da halin da muke ciki, za mu ga abubuwa uku.

Na farko, batun yi wa Akosombo ko Bui tsanin kifi ba shi ne abin da ya kamata mu ɓata lokaci a kai ba. Kowace a cikinsu tsayinta ya haura mita 100. Idan za a bi ma'aunin mita 30 domin hawa mita ɗaya, ana maganar magudana mai tsawon fiye da kilomita 3 ke nan, a bayanta kuma ga tafki mai faɗi irin wanda ya ba mutanen Brazil matsala. Madatsar Bui, wadda aka kammala a 2013, ta riga ta datse Baƙin Volta. Bagre, tun 1992, ta datse Farin Volta daga sama, Kompienga kuma ta tare ɗaya daga cikin rassan da ke ciyar da Oti tun 1988. Abin da ya rage a buɗe shi ne Farin Volta daga iyakar Burkina zuwa tafki tare da rassansa irin su Nasia, sai Oti, sai Daka.

Na biyu shi ne Pwalugu, kuma a nan ne maganar take. A watan Nuwamba na 2019 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da aikin, wanda aka ƙiyasta zai ci kusan dala biliyan ɗaya, da alkawarin lantarki megawat 60 daga ruwa, da 50 daga hasken rana, da gonakin rani kimanin hekta 25,000. A 2024 maganar ta tayar da ƙura bayan da aka bayyana cewa an biya kimanin dala miliyan 12 alhali ba a ga bangon madatsa ba, gwamnatin Shugaba Mahama kuma ta gaji aikin a haka a watan Janairun 2025. Wannan jinkiri abin takaici ne ga manoman da ruwa ke cinye wa gonaki tun ambaliyar 2007 da ma kafin ta. Amma kuma dama ce, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A tsarin da aka bayyana, bango biyu ne za a yi: babbar madatsa, da kuma ƙarama a ƙasa da ita wadda za ta karkatar da ruwa zuwa gonaki. Ƙaramar ita ce irin wadda hanyar kifi ke yi wa aiki idan an tsara ta da kyau, kuma sanya ta tun a zanen farko ya fi araha nesa ba kusa ba a kan a dawo a fasa siminti daga baya. Babbar kuwa, abin da ya fi hanya muhimmanci a wurinta shi ne yadda za a riƙa sakin ruwa. A nan dole mu faɗa wa juna gaskiya: ambaliyar da manomin Pwalugu ke kuka da ita, ita ce ke cika fadamun da ke ƙasa har zuwa Daboya da Yapei inda kifi ke haihuwa. Idan aka riƙe ta gaba ɗaya, manomi zai huta, amma bayan 'yan shekaru mai kwandon banda zai ji a jikinsa. Mafita ita ce a rubuta a cikin ƙa'idar gudanar da madatsar cewa kowace damina za a saki ruwa gwargwadon da zai shiga fadama ba tare da ya kai gidaje ba, a lokacin da kifi ke tasowa, a kuma sanar da manoma tun kafin shuka iyakar inda ruwan zai kai. Tun da ruwan daga Bagre yake fitowa, wannan aiki ne na Hukumar Kogin Volta ta ƙasashe shida, wato Gana da Burkina Faso da Togo da Benin da Mali da Kwaddibuwa, wadda aka sa hannu kan yarjejeniyarta a Wagadugu a 2007.

Na uku, kuma wanda ya fi kusa da hannunmu, shi ne ƙananan shingaye. Ban da manyan madatsun noma irin su Tono da Vea da Bontanga da na Tamne a yankin Garu, Arewa cike take da ƙananan madatsun ƙauye, waɗanda suka ƙaru da shirin nan na kowane ƙauye da madatsarsa da aka faro a 2017. Ga shingen tara ruwan famfo irin wanda Yendi ta daɗe tana sha daga kogin Daka, ga kuma kwalbatocin hanyoyin mota. Kwalbatin da aka ɗora bakinsa sama da ruwan rafi, ko aka matse shi har ruwa na fita kamar harbin bindiga, shi ma madatsa ne a wurin kifi. Madatsar da aka haƙa a kwari domin tara ruwan sama ba ta tare wa kifi komai, amma wadda aka gitta a kan rafin da ke haɗe da kogi tana tarewa. A irin waɗannan wurare masu tsayin mita ɗaya zuwa uku ne gangaren duwatsu ko ƙaramin tsani ke yin aiki da kuɗi kaɗan, da duwatsun da ke wurin da magina na gida. Majalisun gundumomi da hukumar hanyoyi za su iya sa wannan a cikin sharuɗɗan kwangila ba tare da jiran bashin ƙasar waje ba.

Namu laifin

Ba zai yiwu mu ɗora wa gwamnati da injiniyoyi komai mu wanke hannunmu ba. Ko an buɗe wa kifi hanya, idan aka tare shi a bakinta da koma mai ƙananan idanu ko gidan sauro, an yi ba a yi ba. Zuba guba a gurbi, wanda aka daɗe ana yi tun zamanin Gamalin, yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya kuma cuci mai ci. Jefa gorar bambu a tafki domin warushe ya shiga ya yi ƙwai a ɗauke shi, cin iri ne ƙiri-ƙiri. Tun a shekarar 2002 dokar kamun kifi ta haramta guba da nakiya, amma doka a takarda ba ta tsare gurbi da dare.

A nan ne ɗan kasuwa ke da ƙarfin da bai san yana da shi ba. Masunci ba ya kama abin da ba a saya. Sau da yawa ma mai sayen ne ke ba shi bashin koma da man jirgi. Idan ƙungiyoyin masu sayar da kifi a Salaga da Yendi da Bawku suka haɗa baki da sarakunan kasuwa da sarakunan zango suka ƙi karɓar 'ya'yan manyan kifaye da ba su kai ba, da kifin da aka san na guba ne, cikin damina biyu za a ga canji. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A ƙasar Hausa Sarkin Ruwa ne ke rufe gurbi ya buɗe shi, kuma abin da ya sa ake fito da manyan giwan ruwa a bikin Argungu shi ne ana hana su a Matan Fada har sai ranar biki. A bakin teku ma gwamnati ta rufe wa masu kwale-kwale kamu na wata guda a 2019. Babu abin da zai hana sarakunan gaɓar Daka da Oti su yi yarjejeniyar barin bakin rafuka a makonnin da kifi ke haurawa.

Haka kuma, duk lokacin da hukumar kare muhalli ta EPA ko hukumar VRA ko Hukumar Albarkatun Ruwa suka kira taron jin ra'ayin jama'a kan Pwalugu ko wata madatsa, ya kamata 'yan kasuwar kifi su tura wakilai, kada a bar wa manoma da 'yan siyasa zauren su kaɗai. Tambayoyin da za a yi ba su da wuya. Waɗanne kifaye ne ke bin wannan wuri, a wane wata, kuma wa ya ƙirga su? Akwai hanyar wucewa a zanen, kuma da kifinmu aka gwada ta ko da na Turai? Ta ina kifi zai dawo ƙasa? Ruwa nawa za a saki da damina? Wa zai kula da hanyar, kuma daga wane asusu za a biya shi? A cikin lissafin diyya, an sa masunta da masu banda da ke nesa a ƙasan kogi, ko kuwa masu gonakin da ruwa zai shanye kaɗai aka ƙirga?

An ƙiyasta cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na naman da mutanen Gana ke ci kifi ne, kuma tuni ƙasar ke kashe kuɗin waje masu yawa tana shigo da na ƙanƙara. Duk kwandon da kogi ya daina bayarwa, da dala za a cike gurbinsa, ribar kuma ta koma hannun masu jiragen ruwa da manyan ɗakunan sanyi, ɗan kasuwar Arewa ya zama ɗan aike. Salaga ta taɓa ganin yadda babbar kasuwa ke watsewa idan hanya ta sauya, bayan yaƙin 1892. Muna bukatar lantarki, muna bukatar noman rani, muna kuma bukatar a kare mutanenmu daga ambaliya. Abin da muke roƙo shi ne a lokacin da ake zana bangon, a tuna da mai wucewa ta cikin ruwa, domin masu iya magana sun ce tun ran gini, tun ran zane.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, Ya sa albarka a kasuwanninmu, amin.